Sharar Lantarki a Zamfara: Inda Kuɗin Yake da Inda Gubar Take

Idan aka ambaci sharar kayan lantarki, hankalin yawancin mutane kan tafi ga tsofaffin kwamfutocin da ake jibgo wa Legas daga Turai. Matsala ce ta gaske, amma akwai wadda ta fi ta kusa da mutumin Gusau ko Ƙauran Namoda ko Talatar Mafara. A nan abin da ya fi yawa, ya fi nauyi, ya fi guba shi ne batir: na inbata, na sola, na mota, na babur, na fitilun kan titi da na ƙananan asibitoci. Ƙarancin wutar NEPA ya sa duk mai ɗan hali ya ɗora farantin sola a rufinsa, kuma kowane faranti yana da batir a ƙarƙashinsa wanda zai mutu cikin 'yan shekaru. Bayan batir sai wayoyin wuta, da caja, da tocila, da fanka, da firji, da tsohuwar talabijin mai ƙeya, da wayoyin hannu da suka gagari mai gyara.

Rahoton da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a 2024 ya ce duniya ta tara tan miliyan 62 na irin wannan shara a 2022, kuma kashi 22 cikin ɗari kawai aka tabbatar an tattara an sarrafa ta hanyar da ta dace. A Afirka adadin bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Wannan ba ya nufin kayan suna nan zube. A ƙasarmu abu mai ƙarfe ba ya kwana a bola, 'yan gwangwan sun riga kowa. Tattarawa muna yin ta sosai. Inda ɓarnar take shi ne tsakanin hannun ɗan gwangwan da motar da ke kai kaya Kudu, wato wajen fasawa, ƙonawa, narkawa da jiƙawa cikin asid. Duk wanda ya fahimci waɗannan ayyuka huɗu ya fahimci lamarin.

Batir mai dalma

Mutumin Zamfara ba ya buƙatar a gaya masa abin da dalma ke yi wa yaro. A 2010 an gano yara suna mutuwa da sanƙarewa da jijjiga a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare, 'Yargalma da Bagega. An ba su maganin zazzaɓin cizon sauro da na sanƙarau, babu sauƙi, sai da gwajin jini ya nuna dalma ce. Aƙalla yara 400 suka rasu. Dutsen zinare ne ake kawowa cikin gida ana dakawa ana niƙawa, ƙurarsa ta cika tsakar gida, yara masu rarrafe suna kai ta baki. A wasu gidaje an sami dalma fiye da kashi 100,000 cikin miliyan a ƙasa, alhali ma'aunin da ake amfani da shi a lokacin 400 ne.

Abin da ba kowa ya sani ba shi ne irin wannan ya faru a Senegal ba tare da ko dutse ɗaya na zinare ba. A Thiaroye-sur-Mer da ke gefen Dakar, tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, yara 18 suka mutu. Sana'ar unguwar ita ce fasa tsofaffin batura. Da farashin dalma ya tashi, mata suka riƙa kwaso ƙasar wurin da aka daɗe ana fasawa suna tankaɗewa a gida don tsintar ɓarɓashi. Hanyar da gubar ta bi ɗaya ce da ta Bagega: ƙura a cikin gida, da yaro a ƙasa.

Batir mai bolt 12 yana da ɗakuna shida a cikin akwatin roba. Kowane ɗaki yana ɗauke da faranti na dalma masu kama da raga, an cike ramukansu da wani ƙulli na sinadarin dalma, duk suna nutse cikin ruwan asid wanda kusan kashi ɗaya cikin uku nasa asid ne zalla. Babban batir na inbata mai lamba 200 yakan kai kilo 60, kuma tsakanin rabi zuwa kashi biyu cikin uku na wannan nauyi dalma ce, wato kilo 30 zuwa 40 a batir guda. Ga dalilin da ya sa yake da tsada ko bayan ya mutu.

Ga yadda ɓarnar ke faruwa. Mai saye yakan ce busasshen batir yake so, don ba zai biya kuɗin ruwa ba, kuma direba ba ya son asid ya ci masa bayan mota. Sai mai sayarwa ya kwance murafu ya tuntsurar da batir a kwata ko a bayan shago. Wannan ruwa ba asid kaɗai ba ne, yana ɗauke da narkakkiyar dalma da lakar da ta kwanta a gindin akwati. Asid ɗin zai huce cikin ƙasa, dalma kuwa ba ta ruɓewa, tana nan har jikoki. Mataki na biyu, a sa adda ko gatari a datse saman akwatin a zaro farantai a shanya. Da zarar ƙullin ya bushe sai ya zama gari mai laushi, iskar hunturu ta ɗauke shi ta watsa kan tsire da ƙosai da tabarmar maƙwabta. Mataki na uku, a zuba farantai cikin tsohuwar tukunya a hura gawayi. Dalma tana narkewa a digiri 327, zafin da wutar gawayi ke zarcewa cikin sauƙi, kuma idan zafin ya haura digiri 500 sai ta soma tashi da hayaƙin da ido ba ya gani. Abin takaicin shi ne ragar kawai ke narkewa a tukunya. Ƙullin, wanda ke ɗauke da babban kaso na dalmar, yana buƙatar tanderu mai zafin kusan digiri 1,000 da sinadarai na musamman. Mai narkawa a gida yakan ɗauke shi a matsayin datti ya watsar. Ya yi asarar dalma, ya kuma shuka ta a ƙofar gidansa.

Saboda haka ƙa'idar batir gajera ce: a sayar da shi yadda yake, da ruwansa da murafunsa. Dillalin da ke tarawa ya ajiye su a tsaye, bisa katako, a kan daɓen siminti, ƙarƙashin rufi, nesa da rijiya da wurin dafa abinci. Kada a ɗora fiye da hawa uku, a sa kwali mai kauri tsakanin hawa da hawa don kada kawunan su haɗu su yi tartsatsi. Wanda ya tsage yana yoyo a saka shi cikin durom na roba, ba na ƙarfe ba. Idan asid ya zube a barbaɗa masa bakar soda ko garin kanwa har ya daina kumfa, sannan a kwashe a zuba cikin durom ɗin, don kanwa asid kawai take kashewa, ba ta taɓa dalmar da ke ciki. Idan ya fantsama a ido ko fata, ruwa mai yawa na tsawon minti 15 zuwa 20, sannan asibiti. Matsalar farashi kuwa a warware ta da lissafi: a auna batir da ruwansa a cire wani kaso da aka amince da shi. Dillalai sun iya irin wannan ciniki a wajen hatsi mai danshi, ba zai gagare su a nan ba.

Akwatin batir da aka fasa kada ya zama mazubin ruwan kaji ko akuya, ko abin ɗiban hatsi, komai wankin da aka yi masa. Haka dalmar da masunta ke ɗaura wa birgi a Bakolori da sauran gulabe: idan dole ne, a sayi wadda aka riga aka zuba, a daina narkawa a tsakar gida, a daina kuma matse ta da haƙori. Masu ƙera tukwanen alminiyam daga tsofaffin ƙarafa su ma suna cikin lissafi. Gwaje-gwajen da aka yi a Kamaru da wasu ƙasashe sun nuna irin waɗannan tukwane suna sakin dalma cikin abinci, musamman mai tsami. Duk ƙarfen da ke da liƙin dalma a jikinsa, kamar na lagireto ko na cikin na'ura, bai kamata ya shiga narkin tukunyar miya ba.

Kafin a kai ga sayarwa, akwai ribar da ta fi kowace: batir ya daɗe. Da yawa daga cikin waɗanda ke mutuwa cikin shekara ɗaya da rabi kashe su aka yi. An ƙera batir ne don zafin digiri 25, kuma duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 yana rage kusan rabin rayuwarsa. Ka kwatanta da ɗakin kwano marar taga a watan Afrilu, lokacin da inuwa ma ta haura digiri 40. A ajiye shi inda iska ke ratsawa, wanda hakan ke kuma fitar da iskar da yake saki lokacin caji, mai kama wuta. Kada a zuƙe shi ƙasa da rabi. Idan mita ta nuna wajen bolt 12.1 bayan ya huta, ya kai rabin ke nan. Mai ruwa a duba shi duk wata a ƙara masa tataccen ruwan da ake sayarwa don haka, ba asid ba, ba ruwan rijiya ko na leda ba, don gishirin da ke cikinsu yana kashe farantai. Kuma kada a haɗa sabo da tsoho a layi ɗaya, tsohon zai ja sabon su tafi tare.

Wuta da asid

Baƙin hayaƙin da ke tashi daga bayan panteka da yamma yawanci wayar wuta ce ake ƙonawa don a fitar da jan ƙarfe, wani lokaci da tsohuwar taya ko soson firji a matsayin makamashi. Robar da ke lulluɓe da yawancin wayoyi tana ɗauke da sinadarin kulorin. Idan ta ƙone a buɗaɗɗiyar wuta tana fitar da hayaƙi mai asid, shi ne ke sa tari da zafin ƙirji nan take, tana kuma haifar da wata guba da ake kira dayoksin wadda ba a jin ta sam. Dayoksin tana sauka a ƙasa, kaji su tsattsage ta, ta taru cikin kitse da ƙwai da nono. A 2019 an gwada ƙwan kajin da ke kiwo a Agbogbloshie, babbar pantekar Accra a wancan lokaci, aka ga ƙwai ɗaya ya ninka abin da hukumar abinci ta Turai ta ce jiki zai iya ɗauka a rana sau 220. Kajinmu da awakinmu ma sake suke, kuma ba su san iyakar fili ba.

Ta fuskar kasuwa ma ƙonawa faɗuwa ce. Jan ƙarfen da aka feɗe yana fita da ƙyallinsa ya shiga aji na farko, wanda aka ƙona yana fita baƙi, ya rage nauyi, siraran zaruruwa sun narke sun bi toka, a saye shi a aji na ƙasa. Kauraran wayoyi ana feɗe su da abu mai sauƙi: a huda katako daidai kaurin wayar, a kafa reza ko tsinin wuƙa ta leƙo cikin ramin kaɗan, a zura waya a ja, robar ta tsage a tsaye. Idan an bar wayar a rana ta yi laushi aikin ya fi sauri. Akwai ƙananan injunan feɗewa na hannu waɗanda ƙungiyar 'yan panteka za ta iya saye da kuɗin haɗaka. Siraran wayoyi irin na caja ba su biyan wahalar feɗewa, a tara su a buhu a sayar da robarsu ga masu injin niƙa da ke raba roba da ƙarfe.

Sai batun zinare, wanda a jiha irin Zamfara jarabarsa ta fi ta ko'ina, don akwai dubban hannuwa da suka san zaiba da wanke ƙasa. Gaskiya ne akwai zinare a allon cikin waya da kwamfuta, amma shafe ne siriri a kan ƙafafun haɗi. Wayar hannu guda ba ta wuce wajen miligiram 30 ba, ma'ana sai ka tara waya talatin da wani abu kafin ka ga giram ɗaya, shi ma idan ka fitar da shi kaf, abin da babu mai iya yi a bokiti. Hotunan bidiyon da ke yawo a intanet suna nuna ana haɗa asid iri biyu a jiƙa allo. Ba sa nuna cewa jan hayaƙin da ke tashi yana iya barin mutum lafiya ƙalau da rana, cikin dare huhunsa ya cika da ruwa. Ba sa nuna inda za a zubar da ragowar ruwan, mai ɗauke da narkakkun ƙarafa. Gasa allo a kan garwashi don a kakkaɓe ƙananan kayan jikinsa shi ma haka: liƙin tsofaffin na'urori kusan kashi 40 cikin ɗari dalma ne, sauran kuza. Abin da ke kawo kuɗi a allo shi ne tantancewa. A ware na waya daban, na kwamfuta daban, na talabijin da rediyo daban, a cire batir da manyan ƙarafa, a ajiye a bushe. Mai saye ya fi biyan wanda aka ware, domin manyan matatun da ke fitar da zinare da azurfa da jan ƙarfe daga ciki da aji suke saye.

Sauran kaya

Talabijin mai ƙeya tana da jan ƙarfe a wuyan kwalbarta, shi ne abin da ake nema. Gilashin bayan kwalbar kuwa kusan kashi ɗaya cikin biyar nasa dalma ce, babbar talabijin tana iya ɗauke da kilo ɗaya zuwa biyu. Cikin kwalbar babu iska, idan aka buga mata guduma tarwatsewa take yi, farin garin da ke shafe a fuskarta ya tashi. A kwance zoben jan ƙarfen da sukudireba a zare shi, a bar kwalbar da ranta. Ba ta da mai saye, kuma nan ne gaskiyar sana'ar ke fitowa: kowace na'ura tana da ɓangaren kuɗi da ɓangaren asara, kuma ɗan gwangwan na farkon kawai yake ɗauka.

Doguwar fitila da ƙwan lantarki mai murɗe suna ɗauke da 'yan miligiram na zaiba, haka siraran fitilun da ke bayan gilashin tsofaffin talabijin na bango da kwamfutocin cinya. Idan ɗaya ya fashe a ɗaki, a fitar da yara, a buɗe ƙofa da taga minti 15, a kwashe da kwali da jiƙaƙƙen tsumma, a rufe cikin kwalba. Tsintsiya watsa shi take yi. Ƙwan LED ba shi da zaiba.

Firji da na'urar sanyaya ɗaki, masu fasawa kan datse bututu su saki gas. Na tsofaffin yana lalata rufin sararin sama da ke tare ɓangaren hasken rana mai ƙona fata, na sababbin firji da yawa, mai lamba R600a, ɗan'uwan gas ɗin girki ne, yana kama wuta idan aka sa masa injin yanka ko walda. Man kwamfireso a tsiyaye shi a jarka. Man tsofaffin taransifoma da manyan kafasita yana iya ɗauke da guba mai daɗewa, kada a shafa a jiki, kada a yi wa dabba maganin ƙazuwa da shi, kada a hura wuta da shi.

Batirin lithiyam na waya, da na fawa banki, da na sababbin sola, haɗarinsa gobara ce. Wanda ya kumbura ko ya lanƙwashe kada a huda shi, kada a danne, kada a sake sa shi caji. A liƙe kawunansa da salatif, a binne shi cikin busasshen yashi a bokitin ƙarfe, a ajiye a inuwa nesa da fetur. Kada ya shiga buhu ɗaya da tarkacen ƙarfe, kada kuma ya shiga lodin batir mai dalma, don idan ya faɗa injin niƙa fashewa yake yi. Ƙaramin batir mai kama da maɓalli, na agogo da rimot da kayan wasa, a ɓoye shi daga yara: idan ya maƙale a maƙogwaro yana iya ƙona shi cikin awa biyu, don haka yaron da ya haɗiye shi asibiti za a nufa da shi nan take, ba a jira ya fita da kansa.

Wayar da za a sayar ko a matsayin matacciya, a cire layi da katin ajiya, idan tana kunnuwa a goge komai. Layin yana haɗe da lambar NIN da asusun banki.

Jikin mai aiki da iyalinsa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma da ba shi da illa a jiki. Yaro yana tsotse ninki huɗu zuwa biyar na abin da babba zai tsotsa daga abin da ya haɗiya, ya fi tsanani idan cikinsa babu abinci ko jininsa ya yi ƙaranci. A babba alamun su ne ciwon ciki mai murɗa, taurin bayan gida, kasala, saurin fushi, hawan jini, raunin wuyan hannu da matsalar haihuwa. A yaro sau da yawa babu alamar da uwa za ta gani, sai dai ya yi jinkirin magana, ya kasa riƙe karatu a makaranta da islamiyya, a ce ba shi da ƙwaƙwalwa. Dalma tana barin jini cikin 'yan makonni ta koma ƙashi ta zauna shekaru, kuma lokacin goyon ciki takan fito ta ratsa zuwa ɗan tayi. Shi ya sa yarinyar da ta tashi kusa da wurin fasa batir take iya ba ɗanta gubar da ta kwasa tun tana ƙarama.

Gwajin jini ne kaɗai ke tabbatarwa. Daga maikrogiram 5 a kowace desilita ana neman inda dalmar ke fitowa a toshe. Daga 45 yaro yana buƙatar maganin da ke janyo ta daga jiki, a hannun likita, kuma maganin ba ya amfani idan za a mayar da yaron cikin ƙurar da ya fito. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi shekaru fiye da goma tana wannan aiki a Anka tare da ma'aikatan lafiya na jiha, don haka Zamfara tana da mutanen da suka san gwaji da magani da kankare gurɓatacciyar ƙasa fiye da yawancin jihohi. Ya kamata wannan ilimi ya isa panteka da shagunan masu cajin batir, kada ya tsaya a ramukan zinare.

Abin da mai aiki zai yi ba shi da tsada. Kayan aiki da takalmin aiki su kwana a wurin aiki, kada a kai gida a haɗa da wankin yara. A wanke hannu da fuska da sabulu kafin cin abinci da kafin alwala, a yi wanka kafin a ɗauki yaro. Ba cin goro, ba shan taba, ba cin abinci a inda ake aiki. A yayyafa ruwa kafin shara. Rawani ko takunkumin yadi ba ya tare garin dalma, sai mai lamba N95 ko wanda ya fi shi, shi ma ƙura yake tarewa, ba hayaƙin asid ba. Gwangwanin madara da ake sha bayan aiki don a wanke ƙirji abinci ne mai kyau, amma ba ya fitar da dalma ko ɗigo. Yara da almajirai da ake aika tsintar kaya da feɗe waya, da mata masu ciki, ba su da wuri a wannan aiki.

Wa zai biya kuɗin ɓangaren asara

Doka ba ta yi ƙaranci ba. Tun bayan da aka jibge sharar guba daga Italiya a 1988 a garin Koko na jihar Delta ta yanzu, ba Kokon Kebbi ba, Najeriya ta kafa doka mai tsanani kan shigo da irin wannan shara, kuma tana cikin yarjejeniyar Basel, ta ƙasashen duniya kan safarar shara mai guba daga ƙasa zuwa ƙasa. An kafa NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, a 2007, ta fitar da ƙa'idojin kayan lantarki a 2011, aka sabunta su a 2022, sannan aka fitar da na batir a 2024. Ginshiƙinsu shi ne wanda ya ƙera kaya ko ya shigo da su shi zai ɗauki nauyin tattara su idan sun mutu, kuma an kafa ƙungiyar EPRON a 2018 don tara kuɗin wannan aiki daga kamfanonin kayan lantarki. Da kuɗin ne ya kamata a biya ɗan gwangwan ladan kawo kwalbar talabijin da doguwar fitila, waɗanda ba wanda zai saya. Sai dai yawancin masana'antun sarrafa wannan shara da ke da rajista suna wajen Legas da Ogun, kuma tsarin bai iso Arewa maso Yamma da ƙarfi ba. Kai kaya Kudu ma ba shi ne ƙarshen magana ba: a 2025 hukuma ta rufe wasu masana'antun narka batir a Ogijo ta jihar Ogun saboda gurɓata unguwanni. Dillalin da ke loda tirela yana da haƙƙin ya tambayi takardar izinin wanda yake kai wa.

Korar 'yan gwangwan daga gari, kamar yadda akan yi kira duk lokacin da aka sace wayar taransifoma, ba zai rage guba ba, zai tura aikin ne cikin gidaje inda ba mai gani. Abin da ya fi amfani shi ne ƙaramar hukuma ta yi musu rajista ta hannun shugabanninsu, ta ba su fili mai daɓe da rumfa nesa da gidaje da gulbi, da sharaɗin ba ƙonawa ba narkawa. Masu sayar da batir su riƙa karɓar tsohon suna rage kuɗin sabon, abin da wasu ke yi tuni. A mayar da shi ƙa'ida, a kuma hana karɓar wanda aka zubar wa ruwa.

Gwamnati da ƙungiyoyin agaji su ne manyan masu sayen sola a jihar, don asibitoci da makarantu da fitilun titi. Kowace kwangila ya kamata ta ƙunshi abu uku a rubuce: adadi da lambar kowane batir da aka kafa, sunan wanda zai zo ya ɗauke shi idan ya mutu, da wani kaso na kuɗin ɗan kwangila da za a riƙe har sai ya kawo takardar shaidar cewa tsofaffin sun isa masana'anta mai izini.